Munduwar Inna

Birnin Kudu, 6 ga Maris, 2011

Zuwa ga uwargidana Ummukulthum,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki da ranki da lafiyarki, babu dutsen da ya sauka a kanki. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara shigowa. Innarki na gaishe ki, haka yayarki Dije da yaranta. Ni kuwa gwiwa ce kawai, ita ma mun saba da juna.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin salula. Kwanakin da aka yanke muku waya a Alƙahira, muna kallon hayaƙi da taron jama'a a talabijin, Innarki ba ta ɗora tukunyar daddawa ba har kwana biyar. Da layi ya dawo kuma me muka samu? "Lafiya lau, Inna." "Lafiya lau, Ummu." Shi ke nan, layi ya katse. Na ce wannan ai ba magana ba ce. Habu mai fataucin abaya yana zuwa garin naku sau biyu ko uku a shekara, ya yarda ya riƙa ɗauko mana takarda. Ni na koya miki Turanci a sakandare, saboda haka ina da haƙƙin a rubuto mini. Masu cewa zumuncinmu ya yi nisa, wai ni da kakarki 'ya'yan wa da ƙane ne kawai, su yi ta faɗa. Katanga ɗaya ce tsakanina da Innarki, atishawa ta yi sai na ji.

Ga saƙonta. Ta ji wasu ɗalibai sun tattaro sun dawo gida. Ta ce in dai babu haɗari a unguwarku, ki zauna ki gama abin da ya kai ki, ba ta son ganinki sai da takardar digirin a hannu. Ga ƙullin daddawa nan ta ba Habu.

Ga nawa kuma. A ƙofar masallaci ana tambayata me jikata take karanta a Masar, ƙasar malamai. In na ce waƙoƙin Amurkawan wannan zamani, sai a dube ni kamar na sha wani abu. Ki taimaki tsoho da bayani. Su wane ne mutanen nan, kuma me ke damunsu har suke rubutu?

Mijinki na wasa,
Malam Maikano

*

Madinat Nasr, Alƙahira, 19 ga Afrilu, 2011

Kaka,

Wa alaikumus salam. Babu dutsen da ya same ni, alhamdu lillahi, sai tsoro da dogon layin burodi. Allah ya ƙara wa gwiwa haƙuri da mai ita. Daddawa ta iso. Ina kwance ƙullin, Mahasin, 'yar Sudan ɗin da muke zama tare, ta buɗe tagogi duka tana salati, amma da na yi miyar kuka faranti biyu ta ci. Ni kam ina jin ƙamshin sai na ji ƙarar munduwar Inna tana bugun bakin tukunya, munduwar azurfar nan da ta kama hannunta gam, wadda muka yi ta ƙoƙarin zarewa muna yara muka kasa.

Ka gaya wa mutanen masallaci mutane ne kamar kowa, bambancin kawai ba su iya shiru ba. Marubuta shida nake aiki a kansu, huɗu masu waƙa, biyu masu maƙala, duk suna raye. Akwai tsohon soja da ya je yaƙin Iraƙi, ya dawo ya kasa shiga kasuwa, diwanin waƙoƙinsa gaba ɗaya a kan ƙofofi ne da abin da ke bayansu. Akwai baƙar fata da ta rubuta littafin maƙala a kan yadda take koya wa ɗanta tafiya a titi: kada ya sa hannu a aljihu, kada ya yi gudu ko da ruwa ake. Akwai wani da masana'anta ta lalata kogin garinsu, yana kiran sunayen kifayen da suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Akwai 'yar baƙin haure da ta manta yaren kakarta, tana jin haushin kanta shafi ɗari biyu. Na biyar a kan saki yake rubutu, ya cika ni da surutu.

Ta shidan ce ta tsaya mini a rai. Mahaifiyarta ta yi jinyar ciwon daji, kowane mako ana ɗora ta a sikeli a asibiti. Sai 'yar ta mai da nauyin kowane mako ya zama sunan waƙa. Kana buɗe shafi, lamba tana raguwa. Ba ta ce uwata tana mutuwa ba ko sau ɗaya, amma ba ta ɓoye komai ba: abin da ta ci, abin da ta amayar, zagin da ta yi wa nas. Na yi maka hoton wasu shafuffuka, ga su nan, ka sa tabarau.

Jami'a ta buɗe, ana shiga ana fita. Malamin da ke duba aikina ya ce babi biyun farko tamam. Ka gaya wa Inna saura shekara ɗaya, in sha Allahu.

Matarka da ba ka biya sadaki ba,
Ummu

*

Birnin Kudu, 11 ga Disamba, 2012

Uwargida,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙu biyu da kika aiko bana duk gajeru ne, kamar takardar magani. Na yi haƙuri, na ce aiki ne ya yi yawa. Mu nan lafiya. Innarki ta ɗan yi fama da ciki bayan babbar sallah, har aka kai ta Kano aka yi mata ɗan aiki, amma da sauƙi, ta dawo gida. Ta ce kada ki ɗaga hankalinki, kuma kada ki kuskura ki zo. Ta ba Dije manyan tukwanenta na daddawa, duka ukun, har da muciya. Ƙullin da Habu zai ba ki na hannun Dije ne.

Na karanta mutanenki tas, wasu sau biyu. Sojan nan na tausaya masa. Mai kogi kuwa ɗan'uwana ne, don ni ma zan iya lissafa miki kifayen da na sani ina yaro waɗanda yanzu ko a kasuwa babu. Matar nan mai koya wa ɗanta tafiya ta hana ni cin abincin rana.

Amma wannan Mai Sikeli, haba! Wace irin 'ya ce za ta ɗora uwarta a ma'auni gaban duniya kamar buhun gyaɗa? Har amai? Har zagin nas? Uwar da ta rufa miki asiri tun kina tsumma, ke kuma ki kwance nata ki buga a littafi, a sayar a kanti? Na san za ki ce fasaha ce. Turancinta ya yi kyau, ban musa ba, akwai layin da na karanta sai da na ajiye tabarau. Amma mu ba haka aka rene mu ba. Mai ciwo in ya ce da sauƙi, sai ka ce Allah ya ƙara sauƙi, ka bar shi da mutuncinsa. Wannan ma ilmi ne, ba a dai buga shi a diwani.

Shekarar da kika ce ta cika tun watan huɗu. Ba na matsa miki, tambaya ce ta tsoho: saura nawa?

Maikano

*

Ainu Shams, Alƙahira, 28 ga Satumba, 2013

Kaka,

Ina gaisuwa. Ka yafe mini shiru, Habu ya zo sau biyu bai same ni ba. Lafiyata ƙalau, gajiya ce kawai. Ka ga adireshi ya sauya. Unguwarmu ta da, nan ne rikicin bana ya fi zafi, mun yi makonni muna jin abin da ba na son rubutawa. Ni da Mahasin muka kwashe kaya muka dawo Ainu Shams, hawa na biyar, babu lif, ruwa sai ya ga dama yake hawowa. An sa dokar hana fita, kowa yana tseren komawa gida, metiro, jirgin ƙasan cikin gari, cike kamar za a fasa shi. Na sami ɗan aikin fassara a wani ofis a Dokki, takardun aure da na asibiti, daga Larabci zuwa Turanci. In na dawo ko takalmi da ƙyar nake cirewa.

Wallahi na yi murna da Inna ta sallama tukwanen nan. Shekara nawa ina roƙonta ta huta da hayaƙi! Ashe sai da likita ya sa baki. Amma ka gaya wa Dije a hankali, daddawarta ba ta kai ba, tana saurin sauke ta. Kuma Inna ta koyi sabon hali: in na kira, minti biyu sai ta ce ga Dije. Ko fushi take da ni?

Ka yi wa Mai Sikeli rashin adalci. Ni abin da na gani, ta tsaya ta dubi uwarta ne, ba ta kau da kai ba. Mu kuwa in abu ya yi muni sai mu yafa masa mayafi mu ce ladabi ne. A wannan garin ma haka ne, a taka ka a mota a ce ma'alish, wato yi haƙuri, a ɓatar maka da takarda a ce bukra, wato sai gobe. Na gaji, Kaka. Wani lokaci ina karanta mutanen nan sai in ji sun fi mu gaskiya. Ga wata sabuwar maƙala ta matar nan mai ɗa, a kan yadda ake gajiya da yi wa mutane bayanin kanka. Ita ce kaɗai abin da na iya karantawa a watan nan.

Maganar aiki, don Allah kada ka tambaye ni babi na huɗu. Ka ce wa Inna saura wata shida.

Ummu

*

Birnin Kudu, 3 ga Yuni, 2014

Ummukulthum,

Muna lafiya. Innarki da sauƙi.

Na daɗe ban amsa ba don na tsaya in huce, ban kuma huce ba. Wai sun fi mu gaskiya! Madalla. Mu maƙaryata da muka tura ki karatu muna godiya. Shekara shida kina cin wake da burodin Masar, yanzu daddawar yayarki ba ta kai ba, ladabinmu ma mayafi ne. Kin san abin da mutum yake haɗiyewa kafin ya ce da sauƙi? Ba ki sani ba, kuma ba ni da izinin koya miki.

Innarki ba ta fushi da ke. Numfashi ne yake mata wuya in ta daɗe tana magana, tsufa ne. Kullum in Habu ya dawo tambayarta ɗaya ce, ko an sa ranar da za ki kare aikinki gaban malamai. Ta sa Dije ta saya mata atamfa ta ajiye, wai ta ranar da za ki dawo ce. Wata shidanki sun zama tara.

Maƙalar da kika aiko na karanta. Tana da kyau. Na ji haushin da take da kyau.

In kin ga dama ki amsa.

M.

*

Birnin Kudu, 27 ga Janairu, 2015

Ummu,

Ba zan fara da lafiya lau ba, don ƙarya ne. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Ciwon daji ne a cikin Innarki. Tun aikin da aka yi mata a Kano shekara biyu da suka wuce likita ya gaya mana. A ranar, a kan gadon asibiti, ta riƙe hannuna da na Dije ta sa muka rantse da Allah ba za mu gaya miki ba sai kin gama. Ta ce ta san halinki, in kin ji za ki watsar da komai ki taho, wahalar shekaru ta tashi a banza. Na rantse. Tukwanen da kika yi murna ta sallama, ba hutu ba ne, ɗaga muciya ne ya gagare ta. Wayar da take miƙa wa Dije, tari ne yake taso mata, ba ta so ki ji. Na rubuta miki waɗannan abubuwa ina fata ki gane, da ba ki gane ba na ji haushinki, alhali ni ne na lulluɓe su.

Bara ciwon ya dawo. Yanzu likita ya ce a kai ta gida a kula da ita, kin san ma'anar wannan.

Abin da ke cikin ambulan ɗin nan munduwarta ce. Shekaranjiya Dije tana yi mata alwala, ta ɗaga hannu, munduwar ta zame da kanta ta faɗi cikin kwano. Ba wanda ya taɓa ta. Innarki ta dube ta, ta ce a ajiye wa Ummu. Ni kuwa na koma gida na ɗauko shafuffukan Mai Sikeli da na zaga, na sake karantawa daga fari har ƙarshe, na ga matar nan ba tona asiri ta yi ba. Ni ne ban san abin da ake ji ba in lamba tana raguwa a gabanka.

Na karya rantsuwa. Jiya na ciyar da miskinai goma na kaffara, tun kafin in ɗauki biro, don kada in sake shawara. Na so in kira ki, na kasa, na san muryarki na ji zan ce da sauƙi. Habu zai tashi ranar Lahadi.

Digiri ba zai gudu ba. Ki roƙi malamanki su ɗaga miki ranar, ki taho yanzu.

Kakanki

*

Ainu Shams, 1 ga Fabrairu, 2015

Kaka,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Wata takwas ina ɗauke da wasiƙarka ta fushi a jaka. Ka yi gaskiya, ba ni da bakin cewa wani ya fi wani gaskiya, kuma yau zan gaya maka dalili. Habu ya ce gobe zai biyo ta Dokki, shi ya sa nake rubutawa a tsaye kafin zuciyata ta karaya.

Babu digiri, Kaka. Babu ranar karewa, ba a taɓa sa ta ba. Malamin da ke duba aikina ya sami aiki a wata ƙasa ya tafi tun farkon 2012. Wanda aka ba ni a madadinsa ya ce marubutan da suke raye ba abin nazari ba ne tukuna, in koma kan waɗanda suka mutu, in fara daga farko. Na yi gardama, na yi roƙo, na yi ta hawa bene ina sauka wata bakwai. Daga baya na daina zuwa. Ba wanda ya kore ni, ni ce na gaji, na ce khalas, ya isa haka, mako mai zuwa zan koma, makon bai zo ba har rajistata ta mutu. Tun kafin mu bar Madinat Nasr ni ba ɗaliba ba ce. Mai fassara takardun aure ce a Dokki.

Kullum ina cewa zan gyara kafin ku sani. Yaya zan sauka a Kano hannu wofi, Inna ta gaya wa duk unguwa? Da ka rubuta maganar atamfa, kwana biyu ban je aiki ba. Babi ukun suna cikin akwati ƙarƙashin gado. Littattafan kuwa har yanzu ina karantawa a metiro, ina fassara wasu waƙoƙin da Hausa a bayan takardun ofis, ba don kowa ba. Ina koya maka darajar masu faɗin gaskiya, ni kuwa shekara uku ina aiko maka da saura kaɗan.

Tunda Inna da sauƙi, don Allah kada ka gaya mata yanzu. Ka ba ni zuwa ƙaramar sallah in nemi yadda zan faɗa mata da bakina.

Ummu

Ƙari: Habu ya zo yana sauri, mota na jiransa a ƙasa. Ya ba ni ambulan ɗinka, na ji shi da nauyi. Me ka sako, tsoho, goro? Sai na tashi aiki zan buɗe.

*

Alƙahira, 12 ga Fabrairu, 2015

Kaka,

Ban san wa zai kai maka wannan ba, wataƙila ni da kaina. Ina rubutawa a kan gwiwata a ofishin iƙama, inda ake ba baƙi izinin zama. Kwana na tara ke nan ina zuwa. A waya na ce maka matsalar jirgi ce. Ba jirgi ba ne, ka ga har yanzu bakina bai daina ba. Iƙamata ta ɗalibta ce, ta mutu tare da rajistata, shekara biyu ina zaune ba bisa ƙa'ida ba. Ba zan iya fita ƙasar ba sai an daidaita takarduna. Ba laifin kowa ba ne, matar da ke taga ma ta tausaya mini, ta ce ma'alish ya binti, wato yi haƙuri 'yata, ta tura ni taga ta gaba. Kowace taga tana son takarda daga wadda ta gabace ta. Mahasin ta bar aikinta tana riƙe mini layi ɗaya ina bin ɗaya.

Munduwar tana hannuna. A ofis na buɗe ambulan ɗin, ban jira tashi ba, ta faɗo kan tebur ta yi ƙarar nan. Ban karanta ko layi ɗaya ba na gane.

Jiya Dije ta kara wa Inna waya a kunne. Ba ta danne tarin ba, ta bar ni na ji shi duka. Sannan ta ce, "Ummu, kina hanya?" Na ce ina hanya, Inna.

An kira lamba ta tamanin da ɗaya. Tawa ɗari da arba'in ce.

*

Birnin Kudu, 22 ga Fabrairu, 2015

Ummu,

Wannan takarda ba Habu ne zai kawo ta ba. Ni zan miƙa miki ita a filin jirgi a Kano, ki karanta a mota, don akwai abin da bakina ba zai iya ba. Rasuwar kin riga kin ji a waya: Asabar, sha huɗu ga wata, bayan la'asar, Dije na riƙe da kanta. Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri. Abin da ban gaya miki ba shi ne wannan.

Habu ya dawo ranar takwas ga wata da wasiƙarki. Kin ce kada in gaya mata. Na karanta a zaure, na zauna har aka kira azahar ban motsa ba. Sai na ce rantsuwa ɗaya na karya, wannan kuwa ko rantsuwa ba ce, kuma na gaji da zama katanga tsakanin mutum biyu. Na shiga na karanta mata duka, ban tsallake layi ba.

Ta rufe ido har na zaci barci ya ɗauke ta. Sai ta ce, "Kawu, shekara biyu ina danne tari saboda takardar da babu?" Na ce haka ne. Sai ta yi dariya, dariya sosai, har ta koma tari, Dije ta zo da gudu tana harara ta. Da ta lafa ta ce, "Ashe ita ma ta iya. 'Yata ce." Can kuma ta ce, "Da na sani da na kira ta tun ina iya tsayawa a murhu." Nan ta yi kuka, ni ma na yi. Ba ta ambaci digiri ba bayan wannan, ko sau ɗaya. Tambayarta ita ce ko kina cin abinci a can, kuma wa yake hawa da ruwa har bene na biyar.

Ta sa aka juya gadonta ya fuskanci ƙofa. Ta sa aka ɗinka atamfar, ta saka ta ranar Juma'a, ta yi mata yawa, Dije ta kama ta da allura ta baya. Duk sallamar da aka yi a zaure sai ta ɗaga kai.

A cikin jakata akwai littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Tun ranar da munduwar ta faɗi nake rubuta kowace rana: cokali nawa na kunu ta sha, me ta ce, wa ta zaga, yaushe ta yi barci. Kwana ashirin da ɗaya ne. Hausata ce ta tsoho, ba waƙa ba ce, kuma ba na buga wa kowa ba ne. Naki ne, tunda ba ki nan. Na zagi Mai Sikeli, ga shi na mutu a kan sana'arta.

Kada ki ce ke kika jawo. Mu uku muka yi wannan aiki, ni da ke da ita, kowa yana tausayin wani. In kin huta ki ciro babi ukun nan da waƙoƙin da kika fassara, ki karanta mini, idona ya fara gajiya.

Gadon yana nan yadda ta bar shi, yana kallon ƙofa. Dije ta so ta gyara ɗakin, na ce a bari sai kin shigo.

Kakanki,
Maikano